Tudu da Rairayi: Lissafin Abin da Hanya Ke Ci

Duk baƙon da ya sauka a ƙofar gida a ƙasar Hausa, tambaya iri biyu ke tarbarsa. Akwai "daga ina?", wadda amsarta sunan gari ne kawai: daga Gumel, daga Maigatari, daga Sule Tankarkar. Akwai kuma "yaya hanya?", wadda ba a amsa ta da sunan gari, domin abin da take nema yana tsakanin garuruwan ne: rana, ƙura, yashi, ramuka, gajiyar mutum da ta dabba. Mutum biyu kan tashi daga Gagarawa da asubahin Alhamis su haɗu a kasuwar Maigatari. Amsarsu ga tambayar farko ɗaya ce. Amsarsu ga ta biyu kuwa sai ta sha bamban, in ɗaya ya bi kwalta, ɗaya ya yanke ta cikin gonaki.

Wannan rarrabewa tana da gurbi babba a ilmin lissafi. Akwai wani reshe na kalkulas da ɗaliban lissafi, kimiyya da injiniyanci ke haɗuwa da shi a jami'a, inda ake koyon tara wani abu kaɗan-kaɗan a tsawon hanya, taku bayan taku, har a samu jimla. Mu kira ta jimlar kan hanya. Da masana suka zurfafa bincike, sai suka tarar jimlolin nan iri biyu ne. Wasu ba ruwansu da inda aka bi, mafari da maƙura kawai suka sani. Wasu kuwa ba su yafe ko taku ɗaya. A ganina, sanin wace jimla ce a gabanka kafin ka ɗauki alƙalami shi ne zuciyar darasin, kuma amfaninsa ya wuce ɗakin jarrabawa, ya kai har bakin rijiya da kan iyakar gona.

A fara da rijiya. A ƙauyukan arewacin Jigawa, musamman wajen kan iyaka da Nijar, ruwa na da nisa, har makiyaya kan ɗaura igiyar guga a jikin sa ko raƙumi ya ja. A ce rijiyar zurfinta mita 40 ne, gugan kuma ya ɗebo lita 20, wato nauyin kilo 20. Ƙasa tana jan kowane kilo da ƙarfin da masana suka auna da kimanin niyutan 9.8, wato ma'aunin ƙarfi. Aikin da ake buƙata don raba ruwan nan da gindin rijiya a kai shi bakinta shi ne 20 sau 9.8 sau 40, wato jul 7,840, a ma'aunin da aka sa wa sunan Baturen Ingila James Joule. Ko ƙato ya ja shi da hannu cikin minti ɗaya, ko yara biyu su ja suna hutawa, ko sa ya tafi da igiyar can nesa, ko gugan ya yi ta lilo yana bugun bango hagu da dama, abin da aka biya jan ƙasa bai ƙaru ba, bai ragu ba. In kuma igiya ta tsinke a baki, gugan ya koma, ƙasa za ta mayar da wannan adadi cif, a matsayin gudun da zai faɗa ruwa da shi. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo, kuma da abin da aka ba shi zai dawo.

Yadda ake ƙirga wannan aiki shi ne asalin jimlar kan hanya. Ana yanka hanyar gunduwa-gunduwa. A kowane guntu sai a tambaya: nawa ne daga cikin ƙarfin ke fuskantar inda tafiyar ta dosa? A ninka wannan da tsawon guntun, a ajiye, a matsa gaba. In an gama a haɗa. Gwargwadon ƙanƙantar guntayen, gwargwadon kusantar gaskiyar jimlar. Ƙarfin da ya gitta hanya ba ya shiga lissafi. Shi ya sa yarinyar da ta ɗauko tulu a ka ta bi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa zuwa gida ba ta biyan jan ƙasa komai a kan ruwan, don tulun bai hau ba, bai sauka ba. Lissafin bai ce ba ta gaji ba. Gajiyarta gaskiya ce, amma a wani littafin bashi daban ake rubuta ta.

Wannan littafi na biyu a bayyane yake a bakin tsohuwar rijiya. Dubi itacen da aka gitta, wanda igiya ke bi ta kansa, za ka ga ta sassaƙa masa zurfafan layuka. Gogayya ce ta yi wannan aiki, kuma ɗabi'arta ba irin ta jan ƙasa ba ce. In guga na hawa, gogayya na ja baya. In yana sauka, nan ma tana ja baya. Duk inda tafiya ta dosa, ita kishiyar wajen take fuskanta, don haka ba ta taɓa mayar da abin da ta karɓa. Joule ya nuna a shekarun 1840 cewa aikin da gogayya ta ci ba ɓacewa yake yi ba, zafi yake komawa. Duk wanda igiya ta taɓa suɓuce wa a tafin hannu ya san wannan zafi.

Mai amalanken shanu da ke kai buhunan riɗi ko gero kasuwa yana yin wannan lissafi kullum, ko da bai taɓa rubuta shi ba. A ce akwai tudu tsakaninsa da inda za shi. Hawan tudun farashinsa ɗaya ne, ko ya tunkare shi kai tsaye ko ya bi ta gefe a hankali. Kuma abin da shanun suka biya a hawa, gangara za ta rage musu. Rairayi kuwa ba haka yake ba. A misali, a ce gajeriyar hanya kilomita 2 ce amma yashi ne zalla, yana riƙe ƙafafun amalanken da ƙarfin niyutan 1,000, doguwar kuma kilomita 3 ce a kan ƙasa mai tauri, tana riƙewa da niyutan 200 kacal. Gajeriyar za ta ci jul 2,000,000, doguwar ta ci 600,000. Wadda ta fi tsawo ta fi araha sau uku da ɗoriya. Da magabata suka ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, sun faɗi hukuncin irin wannan jimla, wadda ba a sanin ta sai an san ta ina aka bi.

To, ta yaya ake ƙirga jimla a kan hanya mai lanƙwasa, alhali ita hanya zane ce, lissafi kuma da lambobi yake aiki? Dabarar ita ce a ɗaura hanyar a kan agogo. A sa matafiyi ya tashi lokacin da agogo ke kan 0, ya isa lokacin da yake kan 1, a kuma rubuta inda yake a kowane lokaci tsakani. Da haka hanya mai gabas da arewa ta koma abu mai ma'auni ɗaya, wato lokaci, wanda kalkulas na farko ya san yadda ake tarawa a kansa.

Ga gona a wajen garin Gagarawa, mai kusurwa huɗu, tsawonta mita 100 daga yamma zuwa gabas, faɗinta mita 60 daga kudu zuwa arewa. A kafa turke a kusurwar kudu maso yamma. Nisan mutum daga turken zuwa gabas a kira shi x, nisansa zuwa arewa a kira shi y. Ga ƙa'idar tarawa: duk takun da ya yi zuwa arewa, a ninka shi da x na wurin da yake. Yanzu a tura shi kusurwar arewa maso gabas ta hanyoyi uku.

In ya fara bin iyakar kudu zuwa gabas, bai matsa arewa ba, bai tara komai ba. Da ya juya arewa a kan iyakar gabas, x ɗinsa 100 ne duk tsawon mita 60, sai ya tara 6,000. In kuwa ya fara yin arewa a kan iyakar yamma, x ɗinsa sifiri ne, sannan ya yi gabas ba tare da ya ƙara arewa ba, sai ya isa hannu wofi. In ya ratsa tsakiyar gonar a karkace, nan ne agogo ke da amfani: a lokaci t, x ɗinsa 100 sau t ne, y ɗinsa 60 sau t. Da yake x yana hawa daidai-wa-daida daga sifiri zuwa 100, matsakaicinsa 50 ne, sai a ninka da 60 a samu 3,000. Mafari ɗaya, maƙura ɗaya, amsa uku.

Abin lura a nan shi ne agogon bai shiga amsar ba. In mutumin ya fara da jan ƙafa sannan ya ƙare da gudu, wato aka sa t sau t a gurbin t, in ma ya tsaya gaisawa a tsakiyar gona, muddin layin da ya bi bai sauya ba, 3,000 ɗin nan ce za ta fito. Sannu ba ta hana zuwa, a wannan lissafi ba ta kuma sauya jimla. Abu ɗaya ke sauya ta: in ya juya ya bi layin daga arewa maso gabas zuwa turke, adadin na nan amma ya koma bashi, wato 3,000 a ƙasa da sifiri. Saboda haka ɗalibi na da 'yancin zaɓar agogon da ya fi masa sauƙi, amma ba shi da 'yancin manta inda aka fuskanta.

Yanzu a yi wa ƙa'idar ƙari kaɗan: bayan ninka takun arewa da x, a kuma ninka takun gabas da y, a haɗa. Mai bin iyakar kudu sannan ta gabas zai samu 6,000 kamar da. Mai bin iyakar yamma sannan ta arewa, wanda a da ya tashi a tutar babu, yanzu zai yi mita 100 zuwa gabas alhali y ɗinsa 60 ne, ya samu 6,000. Mai ratsa tsakiya zai samu 3,000 sau biyu, 6,000 ke nan. Ko ya bi ta bayan kuka ya kewayo ta gonar maƙwabci, 6,000 zai kawo. Dalili shi ne akwai wani adadi da ke zaune a kowane wuri a filin, wato x sau y, kuma abin da ake tarawa a kowane taku ba komai ba ne illa ƙaruwar wannan adadi. A turke sifiri ne, a ɗaya kusurwar 100 sau 60 ne. A ɗebe na mafari daga na maƙura, an gama, ba sai an taka ko'ina ba. Irin matsayin da tsayi ke da shi ke nan a lissafin rijiya. Duk inda aka samu irin wannan ɓoyayyen tudu, doguwar tarawa ta zama ɗebewa ɗaya tak. Ɗalibin da ya gane haka zai gama cikin layi biyu abin da ɗan'uwansa zai cika shafi a kai.

Gwajin da ke raba jimlolin biyu mai sauƙin faɗa ne: kewaya ka dawo inda ka tashi. In kowane irin kewaye sifiri yake bayarwa, hanya ba ta da ta cewa. In wani kewaye ya bar saura, to akwai abin da hanya ke ci ko take bayarwa. Masu awon ƙasa sun dogara da wannan tun da daɗewa. Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka miƙa shi zuwa Nguru a 1930, ya ratsa ta Gagarawa, har yau kuma mazaɓar Gagarawa Tasha na ɗauke da sunan tasharsa. Jirgin ƙasa ba ya son tudu, don haka kafin a shimfiɗa ƙarfe sai an bi da sandar awo ana rubuta kowane hawa da kowace gangara. Hanyar da mai awo ke kama kuskurensa ita ce ya koma kan alamar da ya fara: in jimlar hawa ba ta cinye jimlar sauka ba, ya san laifin daga awonsa ne, domin ƙasa ba ta ƙarya a kan tsayinta.

Amma saurar da kewaye ke bari ba kullum asara ba ce. A koma ƙa'idar farko, ta ninka takun arewa da x kaɗai, a kewaye gonar gaba ɗaya: gabas, arewa, yamma, kudu, har turke. Sifiri, 6,000, sifiri, sifiri. An dawo gida da 6,000, kuma wannan adadi shi ne girman gonar: murabba'in mita 6,000, wato hekta 0.6. Ba dace ba ne. Kowace irin gona, mai lungu da saƙo ko mai zagaye, in aka bi iyakarta da wannan ƙa'ida, girman cikinta ne zai fito. Mutum bai taka ko kunya ɗaya ta tsakiya ba, amma gefen ya ba shi labarin ciki.

Wannan alaƙa tsakanin iyaka da ciki tana ɗauke da sunan George Green, ɗan mai injin niƙa a Nottingham ta Ingila. An haife shi a 1793, zamansa a makaranta yana yaro bai fi shekara guda ba, sauran karatunsa shi ya koya wa kansa yana aikin niƙa. A 1828 ya buga wata maƙala a kan lissafin lantarki da maganaɗisu, mutum 51 kacal suka yi rajistar saye. Sai da ya kai shekara 40 ya shiga Jami'ar Kambirij, ya rasu a 1841 duniya ba ta san darajarsa ba, har William Thomson ya tono aikin a 1845. Siffar ka'idar da ake koyarwa a yau ta fito a rubutun Cauchy na Faransa a 1846, Riemann na Jamus ya kawo hujjarta a 1851. A 1854 Jakob Amsler na Suwizalan ya ƙera wata 'yar na'ura da ake bin gefen fili da bakinta a kan taswira, ƙaramar ƙafarta na juyawa, in an kewayo ta nuna girman filin. Ofisoshin safiyo sun yi aiki da ita fiye da shekara 100.

Ka'idar Green ta kuma ba da gwaji na cikin gida, wanda ba sai an yi dogon kewaye ba. A duba yadda abin da ake ninka takun arewa da shi ke ƙaruwa in an matsa gabas, a kwatanta da yadda abin da ake ninka takun gabas da shi ke ƙaruwa in an matsa arewa. In sun yi daidai a ko'ina, kewaye ba zai bar saura ba. A ƙa'idarmu ta biyu 1 ne da 1, sun kashe juna. A ta farko 1 ne da sifiri, saura 1 a kan kowane murabba'in mita, shi ya sa jimlar ta zama girman gona. Sai dai gwajin na da sharaɗi: kada filin ya kasance da rami a ciki. Wayar lantarki misali ce. Tun 1820 Ørsted na Denmak ya ga allurar kamfas na karkata kusa da waya mai ɗauke da wuta, Ampère kuma ya bi da lissafinsa. A sararin da ke gefen wayar gwajin cikin gida na cewa komai daidai, amma duk kewayen da ya rungumi wayar sai ya dawo da saura, gwargwadon wutar da ke gudu a cikinta. Da wannan ne na'urar masu gyaran wuta, mai baki da ke buɗewa ya kama waya, take auna wuta ba tare da an fere roba ba. Wanda ya duba kusa da ƙafarsa kaɗai ya yanke hukunci, abin da ke tsakiyar fili zai ba shi kunya.

Maganar awon gona ba wasan aji ba ce a Gagarawa. A shekarun baya an ware wa kamfanin Lee kimanin hekta 12,000 don noman rake a wannan yanki da ƙananan hukumomin da ke maƙwabtaka da shi, aka kuma daɗe ana taƙaddama da manoma a kan filaye da diyya. A duk inda ake biyan diyya ko rabon taki da bashin noma bisa girman gona, adadin hekta shi ne hukunci. Yau ana samo shi ne ta hanyar riƙe na'urar GPS ko wayar hannu a kewaye iyaka, ita kuma ta tara guntayen tafiyar da ƙa'ida irin wadda muka bi. Ma'ana, girman gona jimla ce daga cikin masu dogaro da hanya. Saurin mai awo ko nawarsa ba su cikin ƙa'idar, amma inda ya sa ƙafa yana ciki. A gonarmu mai mita 100 da 60, in ya riƙa bin ciki da mita 2 kacal a kowane gefe, don gudun ƙaya ko geza, zai auna 96 sau 56, wato 5,376. Murabba'in mita 624 sun tafi, fiye da kashi ɗaya cikin goma, alhali ya tashi daga turke ya dawo turke, na'urar kuma ba ta yi kuskure ko kaɗan ba.

Don haka manomin da ya nace sai ya bi mai awo ƙafa da ƙafa, yana nuna masa inda gamba ta raba shi da maƙwabci da inda kakansa ya dasa aduwa, ba rigima yake nema ba. Yana tsaye ne a kan gaskiyar lissafi: lambar da za a rubuta a takarda daga sawun nan za a haife ta. Zuwa da kai ya fi saƙo. Ina fata malaman lissafi da ke fitowa daga Kwalejin Ilimi ta Gumel, da 'ya'yan wannan yanki da ke jami'o'in Dutse da Kafin Hausa da Kano, su riƙa koyar da wannan darasi da gona da rijiya a gabansu, har ɗalibi ya iya zama gaban mahaifinsa ya ce, "Baba, ranar awo kada ka wakilta kowa, kuma kada a yanke kusurwa ko ɗaya," ya kuma iya nuna masa dalili da lambobi a ƙasa. Zurfin rijiya kowa ya auna shi daga baki zuwa ruwa, amsa ɗaya zai samu. Girman gona kuwa amana ce a ƙafar wanda ya kewaya ta, kuma mai gona na da haƙƙin ganin kowane taku.